Magajin da Baba Bai Haifa Ba

Baba ya rasu ran Laraba, damina na tsaka,
ruwan Ikko na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ya bar gida a Agege, bayan layin dogo:
ɗaki tara, shago ɗaya, rijiya mai zartsi,
da ƙamshin goro da ya ƙi fita daga bango.

Ba a yi arba'in ba Sallau ya ce,
"Saman benen nawa ne, ni na sayi siminti."
Ɗanliti ya ce, "Kawo shaida."
Ni Tasalla na ce a bari kabari ya bushe.
Wa ya ji ni?

Sai Ikeja.
Kowa da lauyansa, kowa da baƙar riga a gabansa.
Kuɗin buɗe fayil, kuɗin hatimi,
kuɗin man motar da ba mu taɓa shiga ba.
A ɗage zuwa bayan Salla.
A ɗage, alƙali ya yi tafiya.
A ɗage, an ɗauke wuta.
Janaretan Baba ya tafi, keken ɗinkina ya bi shi,
Inna na zaune a ɗaki, tumuninta na narkewa
kamar ƙanƙara a hannun yaro.

Shekara biyu ba ma gaisawa.
Rannan, mun fito kotu, hadari ya haɗo,
danfo ɗaya ya rage, muka cusa kai ciki,
kafaɗata na gugar tasa, kowa na kallon taga.
Cunkoso ya riƙe mu har la'asar ta wuce.
Kwandasta ya miƙo hannu.
Sallau ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu,
takardu kawai suka fito.
Na biya na mutum biyu, ban dube shi ba.

Rasit ɗaya ya faɗo kan cinyata.
Na zaro nawa daga jaka, na jera su.
Muka yi lissafi da biron kwandasta
a bayan takardar sammaci.
Sallau ya yi dariya marar daɗi:
"Ɗaki biyu ke nan mun ba su, da rabin shago.
Ashe Baba na da 'ya'ya a Ikeja
ba mu sani ba."

Daren nan muka buga wa Ɗanliti.

Asabar, bayan azahar, tabarma uku a tsakar gida.
Malam Haladu limamin layi ya zo da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Iya Mulika, mai hayar shago shekara ashirin,
ta fito da gwangwanin madara da Baba ya ba ta ajiya.
"Ban san rubutun ba," ta ce, "kuma ba wanda ya tambaye ni."
Ciki, littafin goro, da ajamin Baba mai karkata:
buhun siminti ɗari da ashirin, rance daga Sallau,
a biya shi kafin a raba.

Sallau ya rufe fuska da hula.

Bashi aka fara cirewa, sannan tumunin Inna,
sauran kashi biyar: biyu, biyu, ɗaya.
Ba a sayar da bulo ko guda ba,
haya za a riƙa rabawa duk ƙarshen wata.
Lauya ɗaya muka biya, sau ɗaya,
ya rubuta, muka sa hannu, kotu ta buga hatimi.
Ladan Malam, goro ƙwarya guda,
shi ma sai da ya mayar da rabi.

Keken ɗinkina bai dawo ba.
Na gan shi a wani shago a Oshodi,
yana ɗinka wa wasu kayan biki.
Amma jiya jirgin Ibadan ya wuce, bango ya girgiza,
na ji Sallau daga sama yana kira,
"Tasalla, akwai sauran shayi?"